Sarƙa a Ƙofar 'Yan Hankici

Sakatariya tana tsaye can bayan zauren, ta jingina da bango tana hutar da ƙafafunta, sai ta ji wani wari kamar an manta bokitin roba kusa da murhu. Ta shaƙa, ta sake shaƙa, ta ce a ranta ƙila injin majigin ne ya ɗau zafi. Ba ta so ta bi ta kan zancen. Tun da sassafe take kan ƙafa, kuma yanzu ne abin da ta yi wata da watanni tana shiryawa ya kankama: zaure ya cika maƙil ba masaka tsinke, kowa ya yi tsit ya zuba wa allo ido.

Ƙungiyar tasu ta masu son tsofaffin finafinai ce, irin baƙi da farin nan da ake rabuwa a tashar jirgi ana ɗaga hannu, uwa ta rasa ɗanta, ɗa ya girma bai san uwarsa ba. Mutanen unguwa suna yi musu tsiya da sunan 'Yan Hankici, wai duk wanda ya shiga wurinsu da ido fari sai ya fito da shi jawur. Su kuwa suka karɓi sunan hannu bibbiyu har suka buga shi a riguna. A falon wani suka fara da 'yar talabijin, yau da gobe suka yi yawa, har suka samu aron tsohon zauren taro na masaƙar da ta daɗe da rufewa. Ranar nan ake bikin zagayowar kafa ƙungiyar, kuma a karon farko za a kalli fim a babban allo da injin gaske mai faifai. Baba Majigi ne ya fito da injin daga ɗakin ajiyarsa, tsohon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana haska fim a silimar gari kafin a mayar da ita kantin katifa.

Da rana aka sa kallon don tsofaffi su samu zuwa, saboda haka aka toshe tagogin da katako da baƙin yadi. Dama can ƙarfe ne a jikinsu. Ƙofa biyu ce a zauren. Ta gaba sai an bi ta wata siririyar baranda, wadda mutum biyu ba sa jerawa a cikinta sai kafaɗa ta gogi kafaɗa, kuma a samanta ɗakin majigi yake. Ta baya tana gefen allo, tana fita wani fili da ake ajiye manyan motoci a da.

A kan ƙofar bayan nan suka samu saɓani da mijinta da hantsi. Direban bas ne, ba ɗan ƙungiya ba ne, ya ce shi ba ya biyan kuɗi a sa shi kuka, amma shi ya yi jigilar kujeru duk makon, shi ya ɗaure allon. Sakatariya ta ce a sa wa ƙofar sarƙa, don a kallon baya 'yan kutse sun cika wuri har masu katin gayyata suka tsaya a waje. Direba ya ce ba a kulle ƙofa da mutane a ciki. Ita kuwa kanta ya ɗau zafi, ga mai lasifika yana jiranta, ga kujeru ba su isa ba, sai ta ce masa a gaban mutane shi dai ya yi abin da aka sa shi, ba tashar mota ba ce nan. Ya naɗa sarƙar a hannayen ƙofar ta ciki, ya danna kwaɗo, ya tura mahaifiyarsa a kekenta na marasa lafiya har layin gaba ya gyara mata zama, sannan ya fice bai ko dubi inda matarsa take ba.

Tana cikin tunanin yadda za ta shawo kansa in an tashi, aka taɓa kafaɗarta. Shokin ne, mai gyaran wutar ƙungiyar, wanda ya samo sunan tun ranar da wata waya ta jefo shi daga kan tsani.

"Anti, zo ki ga wani abu," ya ce a kunnenta. "Amma kada ki yi sauri."

A baranda ya haska mata silin da wayarsa. Wani tabo ruwan ƙasa ya fito a tsakiya, fentin gefensa yana kumbura yana fashewa. Ya kama hannunta ya ɗora a bango can sama, ta janye da sauri. Ya ce wayoyin ginin sun tsufa, an ɗora musu fankoki da lasifika da inji, ɗaya ta narke a cikin silin. Ya cire wannan layin, amma aikin gama ya gama, katakon rufin ya riga ya kama yana ci a hankali. Tulun kashe gobarar da ke rataye a bango ya girgiza shi, fanko ne. In ya fasa silin don ya watsa ruwa, iska za ta shiga wutar ta tashi gaba ɗaya. Ya kira 'yan kwana-kwana, sun ce ga su nan, amma ta san yadda titin kasuwa yake a irin wannan lokaci.

Ta tambaye shi wane lokaci silin zai ɗauka kafin ya rufto.

"Ban sani ba, Anti. Ƙila ya kai mu ƙarshen faifan nan, ƙila bai kai ba."

Ma'aikaciyar jinya ce, kuma ta taɓa kwana tana karɓar mutanen da aka tattake a turmutsitsin filin wasa. Ta san ba wuta ce za ta fara kashe mutane ba. In aka ce gobara a cikin duhun nan, kowa barandar zai nufa, don ta nan ya shigo, su cushe a ƙarƙashin silin da ke ci. In kuma Shokin ya kashe babban makunni, zauren zai yi duhu ƙirin. Hasken allon nan shi kaɗai ne fitila, kuma shi ne ya zaunar da mutane wuri ɗaya.

Ta hau matakalar katako zuwa ɗakin majigi. Zafin ciki ya dake ta a fuska. Baba Majigi yana zaune a kan doguwar kujera ya naɗe ƙafafunsa sama, gumi ya jiƙa masa riga, hannunsa ɗaya a jikin injin kamar mai rarrashin jaki. Kafin ta buɗe baki ya ce ya sani, tun ɗazu daɓen yake gasa masa tafin ƙafa. Ta ce to ya sauko. Ya ce in ya sauko wa zai kula da faifan, tsohon fim ne, in ya tsinke ba kowa a kai shi ke nan duhu.

"Je ki buɗe musu ƙofa, 'yata. Ni zan riƙe miki su."

Ta sauko. Ta sa Shokin ya tsaya a bakin baranda ta ciki, kada ya bar kowa ya bi, in an tambaya ya ce ana gyara. Sannan ta kira mijinta. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira, aka katse ta tun a ƙarar farko. Ta rubuta masa saƙo, ta ga bai buɗe ba. Ta san halinsa, in ya yi fushi kife wayar yake yi ya ɗora mata hula. Amma akwai kiran da bai taɓa ƙin ɗauka ba.

Ta bi gefen bango a sunkuye zuwa layin gaba. A kan allo, matar fim ɗin, wadda ta ɗauki laifin ƙanwarta ta yi shekaru a kurkuku, ta samu aikin girki a gidan 'yarta ta cikinta, 'yar ba ta san ta ba. Yanzu an ce awarwaro ya ɓata, an zazzage ƙunshin kayanta a tsakar gida. Ko'ina sai jan hanci kake ji. Wata a tsakiya tana ta faɗin Allah ya isa ƙasa-ƙasa.

Inna, surukarta, ta kafe allo da ido, hawaye yana bin ramukan fuskarta. Sakatariya ta durƙusa gefen keken ta ce ta ara mata waya. Inna ta ce ta bari a wuce wurin nan tukuna. Da ta sake roƙo sai tsohuwar ta juyo ta dube ta a hasken allon, ta daɗe tana dubanta, sannan ta zaro wayar daga jaka ta miƙa mata.

Bugu ɗaya ya ɗauka. "Inna, lafiya?"

"Ni ce. Kada ka kashe, don Allah. Wuta ta kama a silin baranda, mutane ba su sani ba. Kawo makullin ƙofar baya."

Ta ji ƙarar benci ya faɗi a inda yake.

"Makullin yana wurin Inna," ya ce. "Na ce ta ba ki da an fara. Kina tsammani zan kulle mutane in tafi da makulli a aljihu?"

Bai jira amsarta ba. Ta ji yana ƙwala wa mai babur kira kafin wayar ta katse.

Inna ta dafe ƙirji. Ta ce wallahi ya ba ta, fim ɗin ne ya ɗauke mata hankali. Don kada ya ɓata a jaka ma sai ta ƙulle shi a bakin hankicinta. Ta shafa cinyarta, ta shafa gefen keken, babu hankici. Sai ta tuna ta miƙa wa Matar Tela da ke kusa da ita, lokacin da aka yanke wa matar fim hukunci. Matar Tela ta ce ai ta daɗe da miƙa shi baya, wata ce ta roƙa.

Haka Sakatariya ta shiga layi na biyu tana taka ƙafafun mutane, tana tambaya a kunne wa ya karɓi farin hankici mai bakin shuɗi. Aka yi ta yi mata tsaki. Wani dattijo ya ce, Sakatariya har da ke, ke da kike hana mu motsi. Wata ta ce ta sunkuya ta tare mata. Wadda ta roƙi hankicin ta ce ta ba na gefenta, na gefen ya nuna baya da babban yatsa bai ko ɗauke ido daga allo ba. Ga shi dole ta riƙa murmushi tana ba da haƙuri.

Da ta ɗaga kai ta ga abin da take tsoro. A cikin hasken da ya taso daga tagar majigi ya ratsa saman kawunan mutane, hayaƙi ne yake murɗawa a hankali. Wata ta yi tari a baya. Wani ya ce wane mara kunya ne yake shan taba a nan.

A layi na huɗu ta samu hankicin, a hannun Mahauci, ƙaton mutumin da yara suke gudu in ya ɗaga murya a kasuwa. Ya dunƙule shi a hanci kafaɗunsa suna girgiza. Ta fizge, ya buɗe baki zai yi magana, ta sunkuya ta gaya masa gaskiya a taƙaice, ta ce ya biyo ta ya tsaya kusa da ƙofa. Kukan ya tsaya masa cak. Ya tashi ya bi ta.

Ƙullin ya jiƙe ya ɗaure tamau. Ta gwada da farce ya ƙi, ta sa haƙori ta ja har ta ji gishirin hawayen mutane a bakinta, sannan makullin ya faɗo tafinta. A bakin ƙofar, a gaban idon kowa, ta laluba kwaɗon. Makullin ya ƙi samun rami, sai da Mahauci ya riƙe mata kwaɗon. Sarƙar ta zube ƙasa da ƙara. Ƙofar mai ɓari biyu ce, ta tura na dama ya buɗe, na hagu ya ƙi motsi, sakatarsa ta ƙasa ta yi tsatsa ta kama.

Hasken rana ya faɗo kan allon ya wanke fuskar matar fim. Zauren ya ɗauki surutu, masu cewa a rufe, masu cewa wane irin wulaƙanci ne wannan ana tsakiyar abu. Sakatariya ta ɗauki makirufon da ta yi jawabin buɗe taro da shi. Tun tana neman hankicin take saƙa ƙaryar da za ta yi, ta ce an shirya walima a fili, ko ta ce hutun rabin lokaci ne. Amma da ta dubi hayaƙin ta san ƙarya ba za ta tashe su daga kujerun nan ba, kuma in suka gano da kansu ba wanda zai ƙara sauraronta. Ta yi magana da muryar da take yi wa mai naƙuda.

"Jama'a, ku saurare ni, ni ce Sakatariya. Waya ta ƙone a silin barandar shigowa. Kada kowa ya bi ta can. Ga ƙofa nan a buɗe, fili ne a bayanta, kowa zai fita. Layin gaba ku tashi ku fara. Na baya ku zauna sai na kira ku."

Aka yi shiru, sai muryar matar fim tana rantsuwa ba ta ɗauki awarwaro ba. Sannan layin gaba suka miƙe. Suka fara fita a hankali, tsofaffi suna dogara sanda, Mahauci yana kama hannunsu yana tsallakar da su dokin ƙofa. Inna ta ce a bar ta a gefe sai an ragu, kekenta zai tare hanya. Layi na biyu suka bi, na uku suka miƙe. Sakatariya ta ci gaba da magana ba ta tsaya ba, tana kiran mutane da sunan sana'arsu, tana cewa madalla, haka nan, a bar jaka a riƙe yara. Har ta fara jin abin zai yiwu.

Sai wani ɓangare na silin barandar ya rufto. Ƙarar ba ta kai ta faɗuwar faranti ba, amma jan haske ya biyo ta, Shokin ya yi tsalle ya shigo zauren yana kaɗe kafaɗa. Wata murya a baya ta ƙwala, "Gobara!" Nan take lasifika ta mutu, allon ya yi fari ya ɗauke, makirufon ya zama ƙarfe kawai a hannunta.

Zauren gaba ɗaya ya taso. Kujerun roba suka yi ta karyewa, yara suna kuka, kowa ya nufo ɓarin ƙofa ɗayan nan da ke da haske. Matar Tela, wadda ta tsaya kusa da Inna ba ta fita ba, da niyyar alheri ta kama keken ta tura shi da gudu don ta fitar da ita kafin a iso. Ƙafar gaba ta daki dokin ƙofa ta karkace, keken ya tsaya a gicciye ya cika ƙofar. Ba gaba ba baya. Mahauci ya juya wa ƙofar baya ya ware hannuwa, ya dafa bango da ƙafa ɗaya, mutane suka taru a ƙirjinsa yana ta faɗin a tsaya, akwai tsohuwa. Sakatariya ta ja keken ta ciki, nauyin jama'a ya matse ta a jikin ƙarfensa har numfashinta ya ɗauke. Tana ganin ƙeyar Inna da ɗankwalinta da ya zame, tsohuwar ba ta yi ihu ba, salati kawai take yi.

Ta waje aka ɗauke Inna. Sakatariya ta ga hannuwa biyu sun shigo ƙarƙashin hammatar tsohuwar sun ɗaga ta sama kamar jaririya, ta gane rigar mijinta. Ya miƙa uwarsa ga waɗanda suka riga suka fita, ya fizge keken ya wurgar gefe, sannan ya ja baya ya daki ɓarin hagu da ƙafa. Bai buɗe ba. Ya sake duka daidai wurin sakatar, Mahauci ya taya shi da kafaɗa ta ciki, ƙarfen ya tumɓuke daga siminti ƙofar ta wangale.

Mutane suka kwararo fili. Direba ya tsaya a gefe ɗaya yana fizgo su yana cewa a wuce can gaba kada a tsaya a baki, kamar yadda yake sauke fasinja. Sakatariya ta manne a bango ta ciki tana tura su. A nan ta ga Mai Kitso, wata 'yar ƙungiya, ta yi tuntuɓe da sarƙar da ke yashe a ƙasa ta faɗi, ƙafafu suna bi ta kanta. Ta kutsa ta kwanta a kanta, ta sha taku a baya da haƙarƙari, har Mahauci ya buɗa musu wuri ya jawo su tare. Hannun Mai Kitso na dama ya lanƙwashe a inda hannu ba ya lanƙwashewa.

Da zauren ya yi sauƙi sai Shokin ya fito yana tari, ya ce Baba yana sama, kuma matakalar a cikin barandar take, ta kama. Direba ya tsoma rigarsa a durom ɗin ruwan da ke filin ya ɗaure hanci, suka koma su biyu. Sakatariya ta so ta bi, Inna ta riƙe mata zani daga inda aka zaunar da ita a ƙasa, ta ce ɗaya ya isa, ga masu rauni nan.

Ta ɗaure hannun Mai Kitso da ƙafar karyayyar kujera da ɗankwali, idonta yana kan ƙofar. Hayaƙi baƙi yake fitowa yanzu. Daga baya Shokin ya ba da labarin cewa ɗakin majigin yana da wata taga ta biyu mai faɗi da ke kallon zaure, suka jawo teburin lasifika ƙarƙashinta suka ɗora benci. Baba Majigi ya fara miƙo gwangwanayen faifai, Direba ya ce masa in bai miƙo ƙafafunsa ba zai hau ya jefo shi. Da aka fito da shi fili, tafin hannuwansa duk sun saɓule, don da wuta ta ɗauke ya tsaya yana ƙoƙarin kwance injin daga mazauninsa. Injin dai can ya ƙone. Suna shimfiɗa shi aka ji jiniyar 'yan kwana-kwana a bakin titi.

Rabin rufin ya tafi kafin a kashe wutar. Ba a rasa rai ba. An kai mutum kaɗan asibiti, masu shaƙar hayaƙi da masu targaɗe, da Baba Majigi, da Mai Kitso. Shugaban 'yan kwana-kwanan ya zaga ya dawo da sarƙar a hannu, kwaɗon yana lilo a jikinta, ya tambaya wa ya sa wannan a ƙofar fita. Direba ya ce shi ne. Sakatariya ta ce ita ta sa shi, ya faɗa mata kada a yi ta ƙi ji, kuma akwai shaidu. Mutumin ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce to su zo ofis gobe su biyun.

A gida, bayan sun kwantar da Inna, Sakatariya ta samu mijinta a bakin famfo yana wanke baƙin hayaƙi daga wuyansa. Ta ce ya yafe mata maganar da ta faɗa masa a gaban mutane. Ya ci gaba da cuɗa sabulu, can ya ce shi ma da ya ɗauki kiran farko da an samu lokaci, yana ganin sunanta ya kife wayar. Ya tambaye ta haƙarƙarin, ta ce da sauƙi. Ya ce ƙarya take yi, yana ganin yadda take numfashi, ta shirya ya kai ta a duba.

An ja musu kunne a ofis, aka rufe zauren, masu ginin suka ce ba za su ƙara ba da aro ba. A taron ƙungiya na gaba, a falon da suka fara, Sakatariya ta ajiye muƙaminta. Wasu suka ce ai ita ta fitar da mutane, wasu suka yi shiru, shirun kuma ya fi yawa. Aka ba Matar Tela riƙo. Ita dai da ta sauka sunan ya bi ta, har yau Sakatariya ake ce mata. Baba Majigi ya warke, sai dai yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, kuma duk wanda ya je gaishe shi sai ya ji labarin yadda faifan bai tsinke ba har wuta ta ɗauke.

Mai Kitso ce ba ta karɓi gaisuwar kowa ba. Da hannun nan take ci da 'ya'yanta, mijinta ya rasu, kuma likita ya ce ko an cire filasta sai an ga abin da Allah ya yi. Sakatariya ta je ranar farko, aka ce tana barci, alhali tana jin muryarta a ɗaki. Ta koma, aka ce ta fita. Ranar hutunta ta sake zuwa da safe, ba ta yi sallama a ƙofar ɗaki ba, ta wuce bayan gida inda ta hango wanki ya taru a kwando. Ta ɗebi ruwa ta zauna a kan turmi ta fara da kayan makarantar yaran.

Ta yi nisa sai ta ji motsi a bayanta. Mai Kitso ce tsaye, hannu rataye a wuya, fuskar nan ba annuri. Ta daɗe tana kallon kumfar.

"Wanki ba zai mayar mini da hannu ba," ta ce.

"Na sani."

"Masu zuwa kitso duk sun koma wurin wata."

Sakatariya ta ce ta ji. Ta ce akwai mai gashin ƙashi a asibitinsu da ya iya aikin yatsu, ta yi masa magana, in an cire filasta ita za ta riƙa kai ta tana dawo da ita. Mai Kitso ta juya kamar za ta koma ɗaki, sai ta tsaya ta nuna kwandon da haɓa.

"Jar rigar nan tana zuba. Kada ki haɗa ta da fararen."

Sakatariya ta zare ta ta ajiye gefe, ta ci gaba da wankin.